Ƙidaya a Tsamiyar Barkindo

Yaro mai lamba a ƙirji,
ka zo da alli da faifan takarda
kana tambaya mu nawa ne.
Zauna tukuna, ga ruwa.
Awaki ake ƙirgawa a tsaye.

Mutum uku suka sari dajin nan.
Barkindo, da sandarsa da shanu tara,
sai wani maƙeri daga wajen Nafaɗa
wanda ba a riƙe sunansa ba, Mai Zuga kawai ake cewa,
da Yapendo, da ta biyo sawun jakinta da ya ɓace,
ta ga ƙasa baƙa wuluk, ta damƙa, ta sansana,
ta ce jakin ya yi gaba shi kaɗai.
Rubuta uku.

Shekarar da auduga ta yi kuɗi
muka kai gida arba'in.
Ni ne yaron da ke riƙe wa mai awo bakin buhu.
Terawa suka gangaro da iri,
Bolawa suka kafa shinge ta gabas,
wani tela ya aje kekensa a gindin tsamiya
ya ce kwana bakwai zai yi.
Jikokinsa ne ke da injin niƙa yanzu.

Malamin haraji kan zo bayan kaka.
Ranar garin kan rame farat ɗaya,
samari su shige rumbu,
shanu su haye Gongola tun asuba.
Littafinsa ya ce mu ɗari da sittin ne.
Da ya tambayi tukunyar suna
da ya ji wani lissafin.

Sai aka tare kogi.
Aka ce ruwa na tafe, ku hau tudu.
Muka kwashe jinka, muka kwashe azara da turmi,
har murhu wata tsohuwa ta ɗauka, duwatsu uku a zane.
Rijiya ta ƙi ɗaukuwa.
Kabarin uwata ma haka.
Muka hau tudu da sunan garin,
tsamiyar ta zauna.

In rani ya yi tsanani
busasshen kanta kan leƙo daga ruwa,
masunta su ɗaure jirgi
a reshen da muka yi lilo.
To waɗanda ke kwance a ƙarƙashin can,
a wace ƙofa za ka shafa musu alli?

'Ya'yana biyar.
Gidaɗo na Gombe yana gyaran babur,
Hammayo na bin motar albasa har Fatakwal,
ɗaya tana aikin jinya a Bajoga,
ɗaya mun daina jin labarinsa, ba mu daina sa masa kwano ba.
Autar ce kaɗai ta rage, ga ta can tana sussuka.
Ran salla duk su taru,
gari ya kumbura kamar ƙullun waina,
a rasa tabarma, a rasa inuwa.
Kwana uku ya sace.
Da wace rana za ka yi aiki, yaro,
ta ƙullu ko ta yau?

Kuma daren jiya
Adda Dujja ta yanke cibiya biyu a gidan Jauro.
Ba su da suna sai Talata.
Uwar ba za ta faɗa maka ba, na fari ne,
kakar ma za ta ce maka ba kowa a ɗaki
don kada baki ya kama su.
Ni dai na faɗa, ka sa biyu a gefe, da fensir.

Na ga hannunka ya gaji.
Rubuta abin da takardarka za ta iya ɗauka.
Ka sa lambar a ƙyauren, sama kaɗan,
inda akuya ba za ta lasa ba.
Wancan da ya zo kafin kai
a ƙasa ya sa tasa.

In ka gama ka bi ta bayan makaranta,
akwai bukka huɗu da ba a gani daga hanya.
Baƙi ne, bara suka sauka,
sun ce kwana bakwai za su yi.